Jirgin Kara da Jirgin Ƙarfe: Tarihin Hanyar Kayanmu Zuwa Teku

 

Yau za mu waiwaya baya kaɗan, domin waiwaye adon tafiya ne. Tarihin da za mu duba kuwa tarihin buhu ne. Kai mai karatu, buhun nan da ka ɗinke bakinsa a tsakar gidanka, a Cadawa ko Agye ko Gazawa ko Gidan Runji, wace hanya yake bi kafin ya ga teku? Sau nawa ake ɗaga shi, sau nawa ake dire shi? Wa ke biyan kuɗin ɗagawar da direwar? Ka riƙe tambayoyin nan uku a zuciyarka. In Allah ya yarda, kafin mu rabu kai da kanka za ka ba da amsa.

Wasan yara, aikin manya

Bari mu fara daga gindin bishiya. In kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, kara ya bushe, sai ka ga yara sun taru suna ƙira. Su fere bayan kara su yi ƙusoshi da shi, su huda totuwa, su yanka sakaina ko tsohon silifas su yi ƙafafu. Kafin la'asar mota ta tashi. Ka lura da kyau, yaron Cadawa tirela yake ƙerawa, da kanta da bodinta, har da wurin haɗa su. Ba ya ƙera jirgin ƙasa. Dalili a fili yake: abin da ido ya gani shi hannu ke kwaikwayo. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram ta ratsa garinsa, dare da rana tireloli na wucewa. Jirgin ƙasa kuwa labarinsa kawai ya ji.

A ƙasashen da jirgi ya daɗe, irin wannan ƙira ta wuce hannun yara, har dattawa na yin ta. A 1891, a kasuwar baje koli ta birnin Laifzig a Jamus, wani kamfani mai suna Märklin ya fito da ƙananan jiragen ƙasa na wasa tare da dogonsu guntu-guntu, kowane da ƙayyadadden faɗi, yadda in ka sayi guntu bana, ka sayi wani baɗi, za su haɗu daidai. Daga baya aka tsai da awo iri-iri. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne a rage kowane abu sau 87. A wannan awo faɗin dogo milimita 16.5 ne, bai kai faɗin babban yatsanka ba. Kwantena mai tsawon mita 12 takan dawo santimita 14.

Kada ka ce wannan aikin marasa abin yi ne. A 1912 wani kamfanin jirgin ƙasa na Ingila ya sa aka ƙera masa irin wannan ƙaramin dogo don makarantarsa ta birnin Mancesta. Da shi aka riƙa koya wa ma'aikata yadda ake ba jirgi hanya da yadda ake tsai da shi, har zuwa 1995. Kuskuren da aka yi bisa tebur ba ya kashe kowa. Mu ma yau da jirgin kara za mu gane sha'anin jirgin ƙarfe. Amma tukuna, ga tarihin.

Da jirgi ya iso Kano

Kafin zuwan Turawa, jaki da takarkari da raƙumi su ne motocinmu. Fatake su bi kudu su ɗauko goro, ayari ya bi arewa ya ɗauko gishirin Bilma. Tafiyar wata da watanni ce.

A 1911 layin dogo ya iso Kano, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Daga Kano zuwa Ikko kilomita 1,100 ne da ƴan kai. A shekarun farko ma babu gada bisa babban reshen kogin Kwara a Jaba, sai a tura taragai cikin jirgin fito a ƙetare da su, har aka gama gada a 1916. Ka ga tun a lokacin an san dabarar ɗora abin hawa bisa wani abin hawa don kada a sauke kaya.

Turawan Ingila auduga suka sa wa rai. Manoman Kano suka yi lissafinsu, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in yunwa ta zo ana cin ta. A 1913 kawai, wajen ton 19,000 na gyaɗa suka fita daga Nijeriya, akasarinsu ta tashar Kano. Attajirai irin su Alhasan Ɗantata suka tashi a kan wannan ciniki. A 1929 dogo ya kai Ƙauran Namoda, a 1930 ya kai Nguru. Duba taswira: Ƙauran Namoda kudu maso yamma da mu, Kano kudu maso gabas, Nguru can gabas kusa da ƙasar Damagaram. Kawuna uku na dogo sun miƙo wuya wajen iyakarmu, amma ko ɗaya bai ƙetaro ba.

Mu a nan muna ƙarƙashin Faransa, kuma ana neman haraji da tsabar kuɗi. Daga wajen 1930 cinikin gyaɗa, wadda mu nan muke ce wa gujiya, ya kankama a ƙasar Maraɗi. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli, suka ba dillalai jari, su kuwa dillalan suka bazu kasuwannin ƙauye. Daga cikinsu ne aka sami da yawa daga alhazan Maraɗi na farko. A 1942 aka kafa masana'antar matse man gyaɗa ta SICONIGER a Maraɗi. Sauran gyaɗar kuwa, wadda za ta ƙetare teku, Kano take nufa, da fari bisa raƙuman Buzaye da jakuna, daga baya cikin manyan motoci. Tsakanin Maraɗi da Kano wajen kilomita 250 ne.

Hanya ce gajera, amma da matsala biyu. Ta farko, kuɗin jirgi da na tashar ruwa da fam na Ingila ake biya, Faransa kuwa ba ta son kuɗinta ya fita daga aljihunta. Ta biyu, bayan yaƙin duniya na biyu jirgin Nijeriya ya kasa kwashe gyaɗar da ake kawo masa, don kawunan jirgi da taragai sun yi kaɗan. Buhuna suka taru a Kano, aka jera su dala-dala, dala guda takan ci buhu har 15,000. Yau muna ganin hoton dalar gyaɗa muna sha'awa, kuma lalle alamar arziki ce. Amma ka sani, dala kaya ne da ke jiran jirgi. Wata takan kwana shekara a tsaye, ƙwari na ci, rana na duka.

Hanyar tsattsewa

Saboda haka a 1953 hukumar Faransa ta buɗe wata hanya. Suka ba shirin suna Hirondel, wato tsattsewa, tsuntsuwar nan mai zuwa ta dawo. Manufar ita ce mota ta gangara kudu da gyaɗa, ta hauro da siminti da man fetur da kayan kanti, kada ta yi tafiya ko ɗaya wayam.

Ga yadda hanyar take. Daga Maraɗi mota ta bi Gidan Runji, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ta gangara Gaya. Nan a ƙetare kogi cikin jirgin fito, har aka gina gadar Gaya da Malanbil a 1958. Daga nan sai Paraku, a ƙasar Dahome wadda ta koma Benin a 1975. A Paraku dogon Faransawa ya tsaya tun wajen 1936. An so a ja shi har bakin kogi, ya shigo Nijar, ba a yi ba. Daga Paraku zuwa Kotonu kilomita 438 ne cikin jirgi. A Kotonu ma, kafin a buɗe babbar tashar ruwa a 1965, jirgin ruwa can nesa da gaɓa yake tsayawa, sai a sauke buhuna cikin ƙananan jirage a kai masa.

Yanzu gwada hanyoyin biyu. Ta Kano, mota na yin wajen kilomita 250, jirgi ya yi sauran. Ta Paraku, mota na yin wajen kilomita 1,000, jirgi ya yi 438. Dakon mota kuwa ya fi na jirgi tsada. Don haka sai da hukuma ta shiga ta daidaita kuɗin dako kafin hanyar ta yiwu, kuma duk da haka ba a bar hanyar Kano ba. A 1959 Nijar da Dahome suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgi da jigila, OCDN, wadda ta zama OCBN da sunan ƙasar ya sauya. A wancan zamani ita ke karɓar kayan Nijar a Kotonu, ta kai su Paraku a jirgi, ta raba wa motoci.

Bayan mulkin kai aka kafa SONARA a 1962, aka ba ta cinikin gyaɗar ƙasa. A kakar 1966 zuwa 1967 an sayi fiye da ton 190,000 na ɓararriyar gyaɗa a Nijar, kuma a shekarun nan gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da ƙasa ke samu daga waje. Da yaƙin basasar Nijeriya ya tashi a 1967, aka ga amfanin samun ƙofa biyu. Sa'an nan farin 1973 da 1974 ya zo, a 1975 kuma darɓa ta kawo kuturtar gyaɗa. Tambayi dattawan garinku, su za su ba ka labarin yadda sikeli ya tashi daga kasuwa. Manoma suka koma wa wake da aya da riɗi. Hanyar Paraku kuwa ta sami sabon kaya: tun daga 1971 uraniyom ɗin Arlit ya riƙa bin ta, fiye da kilomita 1,500 a mota, sauran a jirgi.

To, jama'a, ga abin da tarihin nan ya nuna. A zamanin gyaɗa, kayanmu ba sa kai wa teku a kan abin hawa guda. Hawa biyu ne: mota ta kai bakin dogo, jirgi ya ƙarasa. Tsakanin hawan nan biyu kuwa, nan asara take kwana.

Mu gwada mu gani

Bari mu ƙirga da buhun gyaɗa na zamanin iyayenmu. An ɗora shi bisa jaki a ƙofar gida, ɗaya. An sauke shi a sikeli, biyu. An kai shi tari, uku. An loda shi a mota, huɗu. An sauke a Kano an hau da shi dala, biyar. An sauko da shi an sa a tarago, shida. An fitar da shi an shigar sito a Apapa, bakwai. An ɗaga shi zuwa cikin jirgin ruwa, takwas. Kowace ɗagawa da ladan ɗan lodi. Kowace direwa da buhun da zai fashe, da wanda ƙugiya za ta huda, da wanda zai yi ƙafa. Kowane zango da kwanakin jira.

Ga misali na lissafi, kai ka sa farashin kasuwarku a madadin nawa. A ce tirela ta ɗauki buhu 300, ladan ɗaga buhu guda dala 20. Dala 20 sau 300, dala 6,000 ke nan, wato jika 30. In an sauke an sake lodawa a tashoshi biyu, ɗagawa huɗu ke nan, jika 120, ba a sa ɓarna ba, ba a sa jira ba. Wa ya biya? Mai saye a Turai ba ya ƙara ko tamma don an wahala da buhu. Kamfani yakan cire duk abin da ya kashe a hanya daga farashin can, abin da ya rage shi ne farashin sikelin ƙauye. Ashe manomi ne ya biya, tun kafin buhun ya bar garinsu.

Gani ya kori ji. Kira yaran nan maƙeran kara, ka ce su yi maka abu uku: kan mota da tirelarta, tarago shimfiɗaɗɗe marar bango mai kama da gadon kara, da dogo na sille biyu a jere bisa ƙasa. Bodin tirelar ya zama kwalin ashana. Zuba ƙwayar aya 50 a ciki, kowace ƙwaya buhu ce. Ja motar zuwa bakin dogo. Karo na farko, a kwashe ayar ɗaya-ɗaya a sa bisa tarago, a ja jirgin zuwa ƙarshen dogo, a sake kwashewa ɗaya-ɗaya zuwa wata mota. Wani ya riƙe agogo, wani ya ƙirga ƙwayar da ta faɗi cikin rairayi. Karo na biyu, kada a taɓa ayar. A cire kan motar, a tura tirelar da kayanta bisa taragon, a ja, a can ƙarshe wani kan mota ya zo ya ɗauke ta. Duba agogo. Ƙirga ayar. Abin da ka gani a tsakar gida, shi ne abin da ya sauya jigilar duniya.

Jirgi ya goyi tirela

Wannan dabara manoma aka fara yi wa ita. Wajen 1885, a tsibirin Long Ailan kusa da birnin Niyok a Amurka, manoman lambu na wahalar kai kaya kasuwar birni da amalanken doki. Sai kamfanin jirgin wurin ya shirya musu jirgi na musamman: amalanke da kayansa ya hau tarago shimfiɗaɗɗe, dawaki su shiga tarago rufaffe, manoma su zauna a na fasinja. In an isa, a ɗaura doki a ci gaba. Ba a taɓa ko kwando guda ba. Ka kwatanta da amalanken shanunka ya hau jirgi a Cadawa da buhunansa.

Da manyan motoci suka yawaita suka fara ƙwace wa jirgi ciniki, sai aka tuna da dabarar. A 1926 wani kamfanin jirgi tsakanin Shikago da Milwoki ya fara ɗaukar tireloli. A 1954 babban kamfanin jirgi na Pensilbaniya ya shiga, a 1955 kuma aka kafa kamfanin Trailer Train, wanda aikinsa shi ne tanadin taragan ɗaukar tirela yana ba kamfanonin jirgi haya. Sunan da Amurkawa suka ba wannan aiki ma'anarsa goyo, kamar yadda uwa ke goya ɗa. Mu ma sai mu ce goyon tirela.

Yaya ake hawar da ita? Da fari gangara ake ginawa a ƙarshen dogo. Kan mota ya tura tirela da baya-baya, ta hau, ta bi ta kan taragai ɗaya bayan ɗaya bisa farantan ƙarfe da aka gitta tsakaninsu, har ta kai wurinta. A kafe ƙafafunta, a ɗaure wuyanta bisa wani turke na ƙarfe. Daga baya aka ƙera manyan injunan ɗaga kaya masu sungumar tirela gaba ɗaya su aza ta.

A Turai aka gamu da wata matsala: gadoji da ramukan da jirgi ke bi ƙarƙashin duwatsu gajeru ne, tirela bisa tarago sai kanta ya bugi sama. Faransawa suka ƙera tarago mai rami a tsakiya inda tayoyin tirela ke nutsewa, suka sa masa sunan kangaru, dabbar nan ta Ostiraliya mai ɗaukar ɗanta cikin aljihun cikinta. A 2007 aka buɗe layin goyon tirela daga Lukzambur zuwa iyakar Faransa da Sifen, fiye da kilomita 1,000. A Indiya kuwa, a 1999, jirgin Konkan ya fara ɗaukar mota sukutum, kai da bodi, direba da yaronsa na zaune a ciki suna hutawa.

Me ya sa ake wannan wahala? Saboda kowanne da gwanintarsa. Ƙafar ƙarfe bisa dogon ƙarfe ba ta da tirjiya kamar taya bisa kwalta, don haka jirgi na jan kaya masu yawa da mai kaɗan, kuma kan jirgi guda na jan abin da motoci da dama za su ɗauka. Amma jirgi ba ya barin dogonsa. Ba zai shiga kasuwar Gazawa ba, ba zai zo ƙofar sitonka ba. Mota ce ke shiga lungu. Goyo ya haɗa ƙarfin jirgi da wayon mota. Sai dai a kula, ba ya biya sai tafiya ta yi nisa, ɗaruruwan kilomita, domin hawarwa da saukewa su ma da kuɗinsu.

Akwai kuma ƙanwar wannan dabara da ta zo ta fi yayarta. Wani mai motocin dako a Amurka, Malkom Makilin, ya ce: me ya sa za a goyi tayoyi, alhali akwatin kawai ake bukata? A watan Afrilu 1956 jirgin ruwansa ya tashi daga Nuwak zuwa Hustan da akwatunan ƙarfe 58. Asalin kwantena ke nan. Tana hawa mota, ta hau jirgin ƙasa, ta hau jirgin ruwa, ƙofarta a kulle. Daga 1984 ma a Amurka aka riƙa jera su biyu-biyu, ɗaya bisa ɗaya, a tarago guda. Kwantenar nan da kake gani tana wucewa ta Cadawa bisa tirela jikanyar amalanken manoman nan ce.

Faɗin dogo

Koma wajen jirginka na kara, akwai darasi na biyu. Shimfiɗa dogo uku. Na farko tsakanin sillensa santimita 10. Na biyu santimita 10 da ɗigo 7. Na uku santimita 14 da ɗigo 4. Yanzu ɗauki taragon da aka ƙera wa na farko ka aza bisa na uku. Ya faɗa tsakani. Wannan ba wasa ba ne, awon gaskiya ne aka rage sau goma. Dogon Paraku faɗinsa mita 1 ne cif. Tsohon dogon Kano mita 1 da milimita 67. Sababbin layukan Nijeriya mita 1 da milimita 435, awon da ya fi yawa a duniya. Faransa ta yi nata, Ingila ta yi nata, kowa ya ja dogo daga tashar ruwansa zuwa inda kayan da yake so suke, ba wanda ya yi tunanin ranar da za a so haɗa su. Inda faɗi ya saɓa, dole a sauke kaya. A irin wannan wuri ne kwantena da goyon tirela ke ceton mai kaya, don akwatin ake ɗagawa, ba buhu 300 ba.

Darasi na uku: dogon da bai haɗu da wani ba, ba ya kai kaya ko'ina. A 2014 aka buɗe tashar jirgi a Yamai, a farkon 2016 kuma aka ƙaddamar da layin Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa da faɗin mita 1. Niyya ita ce ya gangara Gaya ya sadu da na Paraku. Shari'a ta taso a Benin kan wanda ke da haƙƙin aikin, aikin ya tsaya, layin bai shiga jigila ba. Guntun igiya ba ya kai guga ruwa.

Ta wajenmu kuwa, a watan Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, a hannun kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. An tsara ya bi Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, ya ƙetaro iyaka. Faɗinsa irin na sababbin layuka ne. Layin Abuja zuwa Kaduna an buɗe shi a 2016, na Ikko zuwa Badun a 2021, na Kaduna zuwa Kano an fara aikinsa a 2021. Kafin tarago ya tashi daga Maraɗi ya kai bakin teku ba a sauke shi ba, sai duk guntayen nan sun haɗu. An kuma buɗe tashoshin kwantena na tudu, inda duwan ke duba kaya nesa da teku: ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023.

Kada kuma mu manta da iyaka. Nijeriya ta rufe ta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga 2019 zuwa 2020, an kuma rufe ta a 2023 har zuwa Maris 2024. Dogo ba ya buɗe ƙofar da hukuma ta kulle. Shi ya sa ƙasar da ba ta da teku ba ta dogara da ƙofa guda.

Me ya shafe ka?

In kai manomi ne, ka riga ka ga amsar tambayoyinmu uku. Duk ɗagawar da aka rage a hanya kuɗi ne da zai iya dawowa farashin ayarka da riɗinka. Na ce zai iya, ban ce dole ba. Kwantena ba ta ɗaukar tiya biyar. Tana son buhu ɗaruruwa, iri ɗaya, busasshe, tsabtatacce, a rana guda. Wanda ya iya cika ta ya kulle, shi ke cin ribar. In manoman gari sun haɗa kai sun cika ta da kansu, ribar tasu ce. In kowa ya tsaya da buhunsa biyu, ribar ta mai tarawa ce, kamar yadda ta kasance zamanin sikeli.

In kai direba ne, jirgi ba ya kashe mota, amma yana sauya mata aiki. Doguwar tafiya ta koma wa jirgi, gajera ta yawaita: daga Cadawa, Agye, Gazawa, Mayahi, Gidan Runji zuwa bakin dogo, a dawo. Kuɗin tafiya guda ya ragu, kwana a gida ya ƙaru.

In kai ɗan lodi ne, ba zan ɓoye maka ba. Duk tashar duniya da kwantena ta shiga, masu ɗaukar buhu a ka sun ragu ƙwarai, aikin ya koma hannun mai tuƙa injin ɗagawa, da mai awo, da mai rubuta lambar akwati. Lodin farko a kasuwar ƙauye yana nan, na tsakiyar hanya ne ke tafiya. Mai ɗa ya yi tunanin abin da zai koya masa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna in kun taru da dare. Ta ɗaya: buhun aya daga gonarku zuwa hannun mai saye na ƙarshe da kuka sani, sau nawa ake ɗaga shi, nawa ne ladan kowace ɗagawa? Ta biyu: manoma nawa ne a garinku za su haɗu kafin su cika tirela guda? Ta uku: cikin dattawanku, wa ya taɓa kai gyaɗa Kano ko Paraku? Ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi kwana nawa ya yi a hanya, kwana nawa ya yi yana jiran a sauke shi.

In kuma yaran sun gama ƙera muku taragon, kada ku bar awaki su cinye shi. Ku rataye shi a zaure, a gwada wa wanda bai zo ba.

Nan za mu dakata. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.